Ajiyar Baƙi da Muryar Iyar Mafaza

A gidanmu na Gadarif akwai wata guɗɗiya a can ƙurya, bayan madafa, ɗaki mai rufin ciyawa da ba mai kwana a cikinsa. Ɗakin ajiya ne. Haka na taso na tarar da shi. Duk baƙon da ya sauka wurinmu ya tafi ya bar wani abu, ko buta, ko tabarma, ko takalmi ƙafa ɗaya, Inna za ta ɗauka ta kai can. Ba a amfani da shi, ba a bayarwa, ba a zubarwa. Akwai wani sirdin jaki da wani mutumin Basunda ya bari tun kafin a yi mini aure. Jakin ya mutu, ina jin mai jakin ma ya bi shi, amma sirdin yana nan rataye. In na yi wa Inna maganarsa sai ta ce, "Ya ce miki ya bar miki ne?" Daga nan zance ya ƙare.

Ni ce auta, kuma da aka yi mini aure ban yi nisa ba, katanga kawai aka ja tsakanin ɗakina da na iyayena. Da Baba ya rasu aka rushe katangar. Saboda haka ni ba mai yawo ba ce. Ana iya shuka dawa a girbe ban taka kasuwa ba. Abin da ke faruwa a gari ta kunne yake iso mini, kuma alhamdu lillahi kunnen nawa bai taɓa ba ni kunya ba. Ina madafa nake gane rakshar da ta tsaya a ƙofar gida ta wane ce, wato keken hayan nan mai ƙafa uku. Karatu kuwa kaɗan na yi. Ina haɗa baƙaƙen Larabci a hankali, in ba a tsaya mini a kai ba.

Da yaƙi ya tashi a Hartum, gidanmu ya cika. Dangi, da dangin dangi, da waɗanda suka ce kakarsu ta taɓa zama maƙwabciyar kakarmu. Aka shimfiɗa gadaje har ƙarƙashin rakuba, rumfar da muke shan iska. Wasu su kwana biyu su wuce, wasu su zauna har a saba da tarinsu. A cikin na farko akwai 'yar yayata, wadda ke karatu a jami'a. Wayarta an karɓe a hanya, amma kwamfutarta ta tsira, domin ta naɗe ta a zani ta tura ƙasan buhun gawayi. Da ta fito da ita baƙa ƙirin muka yi ta dariya, ita kuma tana kuka tana dariya.

A cikin kwamfutar nan ta nuna mana abin da ya sa nake wannan rubutu.

Inna tana da yaya guda ɗaya, muna ce mata Iyar Mafaza, domin a Mafaza, can bakin kogin Rahad, ta yi aure, can ta tsufa, can ta rasu. Kafin rasuwarta yarinyar nan ta je hutu wurinta, ta ajiye waya a gefen tabarma ta ɗauki muryarta tana hira. Muryar ba a cikin kwamfutar take ba, a wata ma'ajiya take ta intanet. Ta shiga da kalmar sirrinta ta burauza, wato manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita, ta danna, sai ga Iya tana tari, tana cewa a matso mata da butar shayi.

Inna idonta ya riga ya yi rauni, amma da ta ji tarin nan sai ta miƙe zaune a kan gado. Hirar ba wata babba ba ce. Noman gyaɗa ne, da shekarar da kogi ya cinye musu gona, da wata akuya mai satar kisra, wainar dawar da muke ci da miya. A tsakiya Iya ta ce, "Ita ƙanwar tawa tana can Gadarif tana ƙiba, ko leƙo ni ba ta yi," ta kira Inna da wani suna na ƙuruciya da ita kaɗai ke kiranta da shi. Inna ta ce, "Ƙarya kike yi, Yaya, wa ya kawo miki man riɗi bara waccan?"

Daga ranar abin ya zama ƙa'ida. Inna ta san yayarta ta rasu, hankalinta garau yake, ita ce ma ta yi mata wanka. Amma kowace safiya sai na dama mata godogodo, kununmu na gero, na kawo kwamfuta na ajiye a kan kujera, na kunna shabaka, wato intanet, daga wayata, na danna. Su gaisa, su yi musunsu na man riɗi, tana sha tana saurare. Da ma cin abinci ya zame mata aiki tun rasuwar Iya. Da muryar nan kuwa har ƙari take nema.

Da yarinyar za ta wuce gaba da mijinta, ta ce ba za ta sake bi da kwamfuta ta shingayen hanya ba. Ta ce, "Hala," haka take kirana, wato ƙanwar uwa, "ki riƙe mini. Shafin Iya na bar shi a buɗe, kada ya rufe, don in ya nemi kalmar sirri ba ki da ita." Na ce ta tafi da kwanciyar hankali. Suka tafi. Muka yi waya sau kaɗan, daga baya lambar ta daina shiga. Mun ji ta bakin mutane suna lafiya, amma ba mu da hanyar samunta.

Na riƙe amana yadda na iya. Ban taɓa kashe kwamfutar ba. In an ɗauke wuta sai in rufe murfin ta yi barci, in wutar ta daɗe in kai ta gidan maƙwabciyarmu mai sola. Baƙi kuma suka ci gaba da zuwa, kowa da buƙatarsa. Wannan zai duba labarin unguwarsu, wannan yana neman hanyar fita waje, wannan tana son ganin yadda ake ɗinka wata riga, yara suna son wasa. Kowa ya buɗe shafinsa a gefen na wani. In sun tafi sai in tarar da shafin a nan. Ni kuwa 'yar Inna ce. Mutum ya bar abu a gidanka, ya ce maka ya bar maka ne? Ban rufe ko ɗaya ba. Kawunan shafukan da ke jere a sama suka yi ta matsewa, tun ana karanta sunansu har suka koma sirara kamar haƙoran matsefi. Ni dai na san mazaunin na Iya, can hagu, kusa da farko.

Ranar da abin ya faru da damina ne. Maigida yana gona wajen Basunda, ana ciyawar riɗi, ba a sa ran dawowarsa kusa. An kwana ana ruwa. Na dama godogodo, na ajiye wa Inna, na ɗaga murfi na kai kibiya kan shafin Iya na danna.

Shiru. Kibiyar ta koma ɗan zobe tana juyawa, allon ya yi fari-fari kamar an shafa masa ƙullu.

Na ce bari in ba ta lokaci, wataƙila sanyi ne. Na je na juya kisra na dawo, zoben yana nan yana juyi. Na danna nan, na danna can. Daga ƙarshe wani ɗan akwati ya fito da rubutu, na tsaya na haɗa baƙaƙen: wai manhajar ba ta amsawa, in jira ko in rufe. Na zaɓi jira. Na jira har ƙudaje suka gano kwanon Inna. Da na ga ba ta da niyya, sai na tuna yadda yara ke yi, na kai kibiya kan alamar rufewa ta can ƙurya, da tunanin in ta fita sai in sake kiranta ta shigo da hankalinta.

Ta fita kuwa. Allon ya koma hoton teku da yarinyar ta sa. Na danna alamar burauza. Ba abin da ya fito. Na sake dannawa. Na danna da ƙarfi, na danna a hankali, na yi bisimilla na danna. Kibiya ta ɗan yi zobe ta saki, shi ke nan.

Inna ta ce, "Yau Yaya barci take yi?"

Ban iya yi wa Inna ƙarya, muryata take tona ni. Na ce, "Inna, ƙofar ce ta ƙi buɗuwa."

"Ta tafi ke nan?"

"Ban ce ta tafi ba. Ki sha kafin ya huce."

Ta tura kwanon gefe da bayan hannu, ta ja mayafi ta juya fuska bango. Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka ba. Na san wannan juyawar, ita ta yi mana bayan rasuwar Iya har sai da ƙasusuwan wuyanta suka fito.

Na ɗauki kwamfutar na shiga ɗakina na rufe ƙofa, na zauna na kasa kunne. Fankar cikinta tana ta huci kamar mai hawan dutse da kaya, gindinta ya yi zafi. Na ce a raina, abin da ya fita ya tafi, me zai sa ta haki haka? Na ƙara kusantar da kunne. Can ƙasa-ƙasa, sai na ji wani ɗan sauti, ƙil, ya yi shiru, can kuma ƙil. Na san shi. Wasan da 'ya'yan wata baƙuwarmu ta Madani suka bari ne, yakan yi wannan ƙarar in an daɗe ba a taɓa shi ba. In wasan yara yana ciki yana motsi, Iya ma tana ciki.

Na kira ƙanin maigidana, mai gyaran waya a kasuwa. Mutum ne da furfura ta fara yi masa sallama, amma tsakanina da shi har gobe wasa ne.

Ya ce, "Matata! Yau kin tuna da mijinki na gaskiya?"

Na ce, "Mijin da ko albasa bai taɓa kawo mini ba. Ka zo gida, kwamfuta ta ƙi."

"Ina zan bar shago? Ki aiko da ita."

Wa zan ba? Duk wanda na ba zai iya danna abin da ban sani ba a hanya. Na leƙa na roƙi maƙwabciya ta zauna da Inna, na naɗe kwamfutar a tawul na sa a leda, na yafa tobina na fita. Maƙwabciyar ta bi ni da kallo ta ce, "Lafiya? Ko tashin kiyama aka yi ban ji ba?"

Wanda bai san laka ta Gadarif da damina ba, ba zai gane ba. Baƙa ce, tana kama takalmi kamar tana binka bashin gaisuwa. Raksha ba ta shigowa layinmu in an yi ruwa, sai ka taka zuwa kwalta. Takalmina ɗaya ya maƙale, na tsaya da ƙafa ɗaya kamar zalɓe, kwamfuta a ƙirji, na ciro shi na riƙe a hannu na ƙarasa a haka. A cikin raksha ina jin zafinta a cikina ta cikin tawul, ina cewa, ki dai yi ta huci, kada ki yi shiru.

Shagonsa ɗan ƙarami ne, tsakanin mai sayar da agashe da wani tela. Da ya gan ni sai ya miƙe ya dafa ƙirji.

"Jama'a ku zo ku gani, uwargida a kasuwa! Wa ya mutu?"

"Kai za ka mutu in ba ka matsa na zauna ba."

Ya karɓa ya buɗe, ya danna alamar sau biyu, ya taɓe baki. Ya ce, "Wannan ta cika da datti. Ki bar ta, in yi mata farmata, gobe ki aiko a karɓa tana gudu kamar sabuwa."

Na ce, "Mece ce farmata?"

"Wanka. A share komai a zuba sabo."

"Komai da komai?"

"Har ƙurar da ke ciki."

Na miƙa hannu na janye kwamfutar zuwa cinyata. Ya ce, "A'a, me ya faru?" Na gaya masa. Ya san da muryar, ya sha zuwa gaida Inna ya tarar suna musu da Iya, amma bai san cewa a shafi ɗaya take rataye ba, bai san ba mu da kalmar sirri ba. Na ce masa Inna ko kurɓa ba ta yi ba yau. Wasan ya bar fuskarsa. Ya ce wa wani mai jiran a canza masa gilashin waya ya je ya dawo bayan azahar.

Na ce, "Ba ta fita ba, tana ciki. Sa kunnenka."

"A kasuwar nan zan ji me? Ga injin tela, ga mai agashe yana ta ihu."

"Sa dai."

Ya kwantar da kai a kan madannai kamar mai sauraron cikin mara lafiya. Mai agashe ya leƙo ya ce, "Namiji ne ko mace?" Muka yi banza da shi. Can sai ƙil. Ya ɗago.

"Wallahi tana ciki. Ta rufe fuska ne kawai, jikinta bai tashi ba. Shi ya sa in kin kira sabuwa ba ta shigowa, tsohuwar ta tare ƙofa."

Ya danna maɓallai uku tare, wani allo ya fito da layuka. Ya ce wannan shi ne mudir, wato manaja, shi ke nuna duk mai aiki a cikin kwamfuta. Na ce, "Har mudir gare ta, ni ban sani ba nake ta fama ni kaɗai?" Ya nuna mini alamar burauza, ga ta nan an jera ta tun daga sama har ƙasa, ya ja ƙasa, ba ta ƙare ba.

"Sau nawa kika danna?"

"Na ƙirga ne?"

"Wasu naki ne, wasu kuma... ya Allah. Shafi nawa ne a buɗe a ciki?"

"Na baƙi ne."

"Waɗanne baƙi?"

"Duk waɗanda suka sauka."

Ya dube ni, ya dubi allo, ya kama baki. "Kin mayar da kwamfutar mutane guɗɗiyar Hajiya Inna! Sirdin jakin ma yana ciki?"

Na ce ya yi dariyarsa ya gama, ni dai ban zubar da kayan kowa ba.

Ya ce abin da za a yi shi ne a sallami tsohuwar gaba ɗaya ta hannun mudir. In an sake buɗewa, yawanci takan tambaya ko a maido da shafukan da ke buɗe. Na ce, "Yawanci?" Ya ce, "Yawanci. Ba zan rantse miki ba." Na dubi layukan nan. In na ce a'a, haka za ta yi ta huci har batir ya ƙare, ta mutu da kanta. Na ce, "Sallame ta."

Ya danna. Layukan suka ɓace ɗaya bayan ɗaya. Fankar ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, ta yi tsit. Tun da aka kawo kwamfutar gidanmu ban taɓa jin ta yi shiru haka a buɗe ba, sai na ji kamar an ɗauke numfashin wani a ɗaki.

Ya danna alamar. Ta buɗe nan take, fara tas, shafi ɗaya babu komai a ciki. A gefen sama ga ɗan akwati. Na riƙe masa hannu na ce kada ya taɓa, ni zan karanta. Na haɗa baƙaƙen: a maido da shafuka? Na ce, "Maido."

Suka dawo gaba ɗaya kamar an buɗe wa awaki ƙofa, haƙoran matsefin nan suka cika sama. Na fara hamdala ke nan sai fanka ta tashi. Wani shafi ya soma labarai, wani ya soma kiɗa, wasan yara ya ce ƙil. Kafin ya kai kibiya hagu, ta koma zobe. Allon ya sake yin fari.

Ya jingina da bango ya share gumi. Ya ce, "Kin gani. Duk a lokaci ɗaya suke son shiga, ita kuma tsohuwa ce. In na sake sallamarta, ban sani ba ko za ta sake tambaya. Matata, ko dai mu haƙura? Wata rana yarinyar za ta kira."

Na ce, "Wata rana Inna za ta ci abinci ke nan?"

Ni kuma na zauna ina jin hucin nan, sai wani abu ya faɗo mini. A gida, duk ranar da shabaka ta ɗauke, fankar nan takan lafa. Na sha lura, har nakan gane shabaka ta tafi tun daga madafa, kafin in duba waya. Na gaya masa. Na ce, "In babu shabaka ba sa motsi. Me zai hana mu maido su alhali ƙofar waje a rufe?"

Ya ce, "Abin da nake shirin faɗa ke nan kika riga ni."

"Na sani. A fuskarka na karanta."

Na ciro wayata daga ƙullin tobi, da ma ita ke ba kwamfutar shabaka, na kashe. Ya kira mudir ya sake sallamar ta. Ya danna alamar. Na rufe ido, na ce ya gaya mini kawai.

"Ta tambaya."

Na buɗe ido. Ya danna maido. Shafukan suka jeru, amma wannan karon kowanne ya zauna a mazauninsa shiru, ba kiɗa ba labarai. Fankar ta ɗan yi gunaguni ta kwanta. Kibiya tana yawo yadda aka so.

Ya ce, "To, yanzu sai a rufe na banza a bar na Iya."

Na ce, "Babu na banza."

"Haba, uwargida. Mutanen nan wasu suna Masar, wasu sun koma gida. Wa zai dawo neman shafin ɗinkin riga?"

Na sa ya buɗe mini wani da ke tsakiya. Ba shabaka, hoton bai fito ba, amma na san na wane ne. Wani dattijo ne daga Omdurman da ya zauna da mu, kullum bayan la'asar sai ya roƙi a buɗe masa taswira, ya matso da ita har ya ga rufin gidansa da bishiyar lemun da ke tsakar gidan. Ya kalla ya tashi. Na ce, "Wannan ne na banza?"

Ya sosa gemu. Can ya ce, "To ai ita ma tana da ɗakin ajiya." Ya nuna mini wani wuri da ake adana adireshin shafi, ko an rufe shi yana nan, duk ranar da aka so a danna ya dawo. Ya ce ana iya kwashe su duka a zuba a jaka ɗaya a rubuta mata suna. Na ce ya tabbata? Ya gwada da shafin ɗinkin riga a gabana, ya adana, ya rufe, ya sake kirawo shi. Na ce to yanzu ka yi magana. Ya tambayi sunan da za a sa wa jakar, na ce ya rubuta ajiyar baƙi.

Sannan muka fara rufewa daga dama, ni ke faɗa shi ke dannawa. Da yake kowa a gefen na gabansa ya buɗe, sai ya zama muna komawa baya ne cikin baƙinmu. Ga na wani malami da ya zo ƙarshe. Ga wasan 'ya'yan matar Madani. Ga taswirar dattijo. Ga farashin riɗi da maigida ya duba. Kawunan suna ta faɗaɗa, sunaye suna fitowa, har aka zo hagu. Na ce, "Tsaya. Wannan ne."

Shi kaɗai ya rage. Na kunna shabaka a waya. Ya sabunta shafin. Ɗan zoben ya yi ta juyi, shabakar kasuwa ga ta a hankali, ni kuwa addu'ata ɗaya, kada ya nemi kalmar sirri. Mai agashe ya bar wutarsa ya zo ya tsaya, tela ma ya tsayar da keke.

Shafin ya fito yadda na san shi, da ɗan maɓallinsa a tsakiya. Na danna da kaina. Iya ta yi tari, ta ce a matso mata da butar shayi.

Mai agashe ya ce, "Allah ya jiƙan tsohuwa, wannan Hausar irin ta kakata ce." Ni kuwa na ja gefen tobi na rufe fuska.

Ƙanin maigida bai tsaya nan ba. Ya ce, "Abin da ya kamata a yi tun farko, ni ma ban yi tunaninsa ba." Ya sauke muryar daga intanet zuwa cikin kwamfutar kanta. Ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko ɗan katin memori ya zuba ta a ciki, ya tura a wayarsa, ya tura a tawa. Ya laluba ƙarƙashin tebur ya fito da wata 'yar rediyo mai cin memori, ya hure ƙurarta ya sa katin. Ya ce, "Wannan maɓalli ɗaya ne, Hajiya da kanta za ta iya lalubawa. Ba shabaka, ba burauza, ba mudir."

Na ce, "Yau ka ci sunan miji."

"A rubuta a ajiye, kafin yayana ya dawo."

Na koma gida rana ta karkata, laka har gwiwa. Maƙwabciya ta tare ni a ƙofa ta girgiza kai, ta ce ko ruwa sai da ta yi da gaske Inna ta kurɓa. Inna tana nan yadda na bar ta, fuska a bango. Na zauna a bakin gado, na kamo hannunta na ɗora yatsanta a kan maɓallin rediyo na danna da shi.

Da tarin ya fito sai ta juyo a hankali. Ta laluba rediyon, ta ɗauke ta ta ɗora a ƙirji. Ta ce, "Yaya, sai yanzu? Rana ta yi ina?" Da aka zo wurin ƙiba da rashin leƙowa, ta ce, "Ƙarya kike yi, wa ya kawo miki man riɗi?" Sannan ta juyo wajena ta ce, "Ke kuma kin tsaya kallona, godogodon safe za ki ba ni ko sabo za ki dama?"

Na dama sabo. Tana sha na ba ta labarin shafukan baƙi, da yadda aka rufe su. Ta tsayar da ludayi.

"Kin zubar musu?"

"A'a, Inna. Suna ɗakin ajiya, kowa da nasa."

Ta ce, "To," ta miƙo mini kwanon in ƙara mata.